Rake: Daga Tsibirin Niyu Gini Zuwa Fadamar Tibiri

Da sanyi ya kama a ƙasar Arewa, cikin jihar Doso ta Nijar, kasuwannin Tibiri da Dogon Dutsi sai su cika da dammunan rake, ga mai wuƙa yana kankarewa yana yankawa gaɓa-gaɓa, ƙasa duk tuƙa. Yaron da ke sha a gefe zai rantse rake ɗan gida ne tun kaka da kakanni. Baƙo ne. Ɗan gidan shi ne takanɗa, 'yar'uwar dawa.

Masana sun kai asalin wannan rake mai kauri tsibirin Niyu Gini, can tekun Fasifik, inda aka fara nomansa shekaru dubbai da suka shige. Mutanen tsibiran ba su san sukari ba. Tauna karan suke yi su zuƙe ruwan. Masu kwale-kwale suka ɗauke shi har Hawayi, inda ake kiransa ko. Can suka riƙa yin jinka da ganyensa, suna kuma zuba ruwansa cikin magani mai ɗaci don ya shawu.

Indiyawa ne suka gano dafa ruwan har ya daskare. Daga sunan da suka ba abin, sharkara, Larabawa suka samo sukkar, Bahaushe ya ce sukari. Larabawan suka dasa rake a Masar da Maroko da Andalus, a 1493 kuma Kolumbus ya ƙetara da shi Amurka. Gandayen da aka kafa can su suka cinye miliyoyin bayin da aka kwasa daga Afirka.

Abin da ya zaunar da rake a Tibiri ruwa ne. Dallol Mawri, inda garin yake, tsohon kwarin kogi ne da ya kafe, amma ruwa na kwance kusa, wani wurin ɗan haƙa kaɗan sai ya ɓullo. Manomi ba iri yake shukawa ba, gaɓa mai ido yake binnewa, ya jira kusan shekara.

A ƙasar Zazzau, wajen Maƙarfi, ana matse rake a dafa mazarƙwaila, a da har doki ke juya injin. Na Tibiri kuwa haƙori ne injinsa, kamar dai a Niyu Gini. Manyan motoci na lodinsa ɗanye su hau kwalta zuwa Doso da Yamai, sukarin da manomin zai jefa a shayinsa da yamma kuma daga ƙetare aka shigo da shi.