Jijiya nawa ke cikin turmi?

Bahaushe ya raba haƙoran bakinsa da sunaye tun da daɗewa: akwai na gaba, akwai fiƙa, can ciki kuma akwai turmi, wanda wasu ke kira matauni. Sunan ya dace da aikin, domin a nan ake dandaƙe abinci. Su ma Turawa daga kalmar Latin mai nufin dutsen niƙa suka samo nasu sunan. Ciwo kuwa an daɗe ana ɗora shi a kan tsutsa, alhali ƙwayoyin cuta ne ke cin haƙori idan sun sami zaƙi.

Inda sunayenmu suka gaza shi ne ƙasan dasashi. Duk abin da ke ɓoye a can, jijiya muke ce masa. Hanyar jini jijiya ce, abin da ke kai saƙon zafi jijiya ne, gindin haƙorin da ya nutse cikin muƙamuƙi shi ma jijiya. To idan mutumin Yankwashi ko Gwiwa ya kwana bai runtsa ba, ya je Kazaure, aka tura shi Asibitin Koyarwa na Malam Aminu Kano, likita ya ce za a kashe jijiyar haƙorin, me ya fahimta? Ya ɗauka abu ɗaya ne za a zare a huta.

Ba haka abin yake ba. Turmin sama na farko, wanda ke fitowa yaro yana da shekara 6, yawanci saiwa uku gare shi: biyu ta wajen kunci, ɗaya ta wajen ganɗa. Cikin kowace saiwa akwai siririyar kafa, cikin kafar kuma akwai nama mai laushi da ke ɗauke da jini da ji. Saiwa uku, sai a zaci kafa uku. Amma saiwar gaba ta wajen kunci sau da yawa kafa biyu take ɓoyewa. Likitoci na kiran ta huɗun MB2, sunan da ba ya gaya wa mara lafiya komai. Ƙanƙanuwa ce, bakinta a rufe, har hoton haƙori na yau da kullum kan kasa nuna ta. Walter Hess na Zurich ya bayyana wannan sarƙaƙiya a littafinsa da ya fito da Turanci a 1925, Frank Vertucci kuma ya kasa siffofin kafofin gida 8 a 1984: wata ta rabu biyu ta sake haɗewa, wata ta fita da baki biyu. Binciken da aka yi a ƙasashe da dama ya nuna fiye da rabin mutane suna da wannan kafa ta huɗu.

Idan aka wanke uku aka cike, ta huɗu ta tsira da ƙwayoyin cutarta, ciwo na iya dawowa bayan watanni. A nan ne kalma ɗaya ke jawo ɓarna. Mara lafiya zai ce an karɓi kuɗinsa ba a kashe jijiyar ba, ya yanke ƙauna, ya nemi mai cire haƙori a kasuwa, ya koma gida da giɓi. Abin yana damuna, domin haƙori ne da za a iya ceto.

A ganina muna da kalmomin, rarrabe su ne ba mu yi ba. A bar saiwa ga gindin haƙori, kafa ga ramin da ke cikinta, ɓargon haƙori ga naman da ake cirewa. Ɓargo ya fi jijiya faɗin gaskiya, tunda kowa ya san abin da ke cikin ƙashi. Aikin kuma a kira shi wankin kafar haƙori. Likitocinmu da ma'aikatan lafiya na masarautar Kazaure, ku gaya wa mara lafiya da Hausa cewa turminsa na iya zama da kafa huɗu. Kai kuma mai karatu, idan ciwo ya dawo bayan aiki, koma wurin likita ka tambaya ko an duba ta huɗun kafin ka yarda a cire.