Ɗan lise da faifan "Green Onions"

A 1962, a birnin Memphis na Amurka, makaɗa huɗu na kamfanin Stax suka samu rarar lokaci a ɗakin ɗaukar sauti, suka shiga kiɗa don ɗebe kewa. Mai kamfanin, Jim Stewart, ya ji abin ya yi masa daɗi, ya naɗa. Kiɗan mai taushi ne, aka sa masa suna "Behave Yourself". To amma faifan garmaho fuska biyu gare shi, dole a nemo abin da za a cika bayan da shi. Sai Booker T. Jones ya tuno wani ɗan salo da ya saba bugawa, sauran suka bi shi. Wannan cikon shi ne "Green Onions", wato albasa mai lawashi. Babu baitin waƙa ko ɗaya a ciki, kiɗa ne zalla.

Faifan ya fara fita da tambarin Volt, "Green Onions" tana baya. Mai gita Steve Cropper ya kai shi gidan rediyon WLOK, masu saurare suka yi ta neman a maimaita musu cikon. Kamfani ya sake buga faifan da tambarin Stax, baya ya dawo gaba. A watan Satumba ya kai matsayi na 3 a jerin Billboard na ƙasa baki ɗaya, ya kuma riƙe na 1 a jerin kiɗan baƙar fata. An sayar da fiye da miliyan ɗaya. A Ingila sai a 1980 ya kai na 7, bayan an sa shi a fim ɗin Quadrophenia.

Abin da ya sa na kawo muku wannan tarihi, malamai da iyaye, shi ne shekarun mai kiɗan. Booker T., wanda ƙungiyar Booker T. & the M.G.'s take ɗauke da sunansa, yana da shekara 17 a lokacin, yana gama lise. Mahaifinsa malamin kimiyya ne. Sunan yaro yana tashe a rediyo, kuɗi sun fara shigowa, ga kamfani yana buƙatarsa kullum. Duk da haka ya tattara ya tafi Jami'ar Indiana karatun kiɗa. Tsakanin Bloomington da Memphis ya wuce kilomita 600, haka yake zuwa aiki a ƙarshen mako ya koma aji.

Ni dai ina ganin wannan shawara ta fi matsayi na 3 wuya. Mun san yadda ake yi idan ɗalibi ya fara samun na kansa: ko gida su ce ya bar lakwal tunda ta samu, ko mu malamai mu ce ya bar sana'ar. Shi bai saki ko ɗaya ba, kuma abin ya ci masa wani abu, domin akwai fayafayan Stax da aka naɗa ba ya nan, Isaac Hayes ne ya zauna a kujerarsa. Da ya gama karatu ya dawo ya iya rubuta kiɗa ga kayan busa da na goge, kuma shi da William Bell suka tsara "Born Under a Bad Sign" wadda Albert King ya rera a 1967.