Tayar da na'urar sanyaya ruwa ta masana'antu

Na'urar sanyaya ruwa ta masana'antu inji ne da ke zuƙe zafi daga ruwan da ke sanyaya injinan masana'anta, kamar na sarrafa roba da abinci. Injiniyan Amurka Willis Carrier ya fito da samfurinta mai farfela a shekarar 1922.

Kafin a tayar da sabuwa, ana wanke bututu, a cika da ruwa, a fitar da iskar da ta maƙale. Ana duba jerin wayoyin lantarki, domin idan sun sauya kwamfireso kan juya baya. Yawanci ana kunna hitar mansa awa 12 zuwa 24 tukuna. Sai famfo ya fara tura ruwa ake kunna kwamfireso, gudun kada ruwan ya daskare ya fasa bututu.