Tuwon Salla a Ƙasar Gusau da Tsafe da Bunguɗu

Duk wanda ya tashi daga Funtuwa ya nufi Sakkwato, sai ya ratsa Tsafe, sa'an nan Gusau, sa'an nan Bunguɗu. Garuruwan nan uku tushensu na malamai ne. Kusa da Tsafe ne tsohon birnin 'Yandoto yake, wanda ya shahara da ilmi tun kafin jihadin 1804. Gusau kuwa Malam Sambo Ɗan Ashafa, almajirin Shehu Usmanu, shi ya kafa ta a zamanin jihadin. Don haka Salla a wurinsu tsohon al'amari ne, kuma abincinta yana da tsari.

Ƙaramar Salla da hatsi take farawa. Kafin a tafi idi maigida yakan fid da zakkar kono, watau mudu 4 na Annabi a kan kowane mutum na gidansa, don kada matalauci ya yini da yunwa. Mata kuwa tun daren jajibere suke ɗora tukwane. A tuƙa tuwon shinkafa ko na dawa, a yi miyar taushe, a toya waina da funkaso. Amma abin lura shi ne, mafi yawan abincin nan ba a gidan ake cinsa ba. Ana zuba shi a akusa, yara su ɗauka su kai wa kakanni da surukai da maƙwabta. Akushin da ya fita kuwa ba ya komowa wayam.

Babbar Salla ta nama ce. Ran 10 ga Zulhajji, bayan liman ya yanka nasa, kowa ya yanka ragonsa. A feɗe shi, a tsire shi a jikin itace, a kafa gefen wuta ya yini yana gasuwa, kamar yadda ake yi a ƙasar Sakkwato har zuwa Maraɗi. Ran nan kayan ciki ake fara soyawa. Kashegari a sassare nama, a raba wa dangi da mabukata, saura a soye shi ƙayau don ya daɗe. Tsofaffi sukan ajiye wani yanki har watan Muharram, a sa shi a miyar cika-ciki. A watan nan ne kuma taubasai suke bin juna kuɗin shara cikin raha.

Kayan zaƙi su ne suka fi sauyawa. A dā zuma ce abin zaƙi, man shanu ne abin suya, alkama kuwa sai mai gonar fadama. Saboda haka alkaki, wanda ake yi da alkama a tsoma shi a zuma, da nakiya, wadda ake daka ta da shinkafa da kayan yaji, sun fi yawa a gidajen sarauta da na attajirai. Da aka gama hanyar jirgin ƙasa daga Zariya zuwa Ƙaura Namoda ta Gusau a 1929, sai garin ya zama kasuwar gyaɗa da auduga. Kantuna suka kawo sukari da fulawa, man gyaɗa ya wadata. Sannu a hankali dubulan da cincin suka shiga gidan talaka. Daga baya kwanon sha da langa suka ture akushi.

To, kwano ya sauya, amma aiken bai sauya ba, sai a shekarun nan. Tun daga wajen 2011 ɓarayin daji suka addabi ƙauyukan Zamfara. Sun kore shanu da tumaki, sun hana noma, mutane da yawa sun baro gidajensu sun tare cikin birni. Tafiyar nan da ake yi ƙauye don gaida iyaye ran Salla ta zama abin fargaba.

Wannan ne ya sa ya kamata mu tuna asalin al'adar. Kakanninmu ba don yalwa suke rabon tuwo ba, don zumunci suke yi, shi kuwa zumunci a ƙafa yake. Wanda ya tuƙa tuwon Salla, ya dubi baƙon da gudun hijira ya kawo unguwarsu, ya sa shi cikin lissafin kwanoni. Allah ya maido mana da zaman lafiya, ya maimaita mana, amin.