Saƙon kalsiyam a ƙwayoyin halittar tsirrai

Saƙon kalsiyam wata hanya ce da ƙwayoyin halittar tsirrai ke bi wajen gane sauyin da ya faru a muhallinsu, kamar fari, sanyi, gishiri a ƙasa ko cizon ƙwari, su kuma ɗauki mataki.

Yadda yake aiki

Idan babu wata damuwa, kalsiyam ɗin da ke cikin ruwan ƙwayar halitta kaɗan ne ƙwarai. Wanda ke wajenta ya ninka shi kusan sau 10,000. Da zarar wani abu ya taɓa shukar, sai wasu ƙananan ƙofofi a jikin ƙwayar su buɗe, kalsiyam ya kwararo ciki cikin daƙiƙoƙi. Kowace irin damuwa tana da salon hawa da saukarta. Wasu furotin, irin su kalmodulin, su ne ke kama kalsiyam ɗin, su isar da umarni. Daga nan sai ƙwayar ta fitar da shi ta koma yadda take.

Tarihin bincike

A 1991, Marc Knight da abokan aikinsa a Jami'ar Edinburgh sun sanya wa shukar taba wani furotin mai haske na wata halittar teku, suka ga tana haskawa idan an taɓa ta ko sanyi ya buge ta. A 2018, Masatsugu Toyota da Simon Gilroy a Amurka sun nuna cewa idan tsutsa ta ci ganye ɗaya, saƙon yakan kai sauran ganyaye da gudun kusan milimita 1 a daƙiƙa, su fara shirin kare kansu.

A gonakin arewacin Kaduna

Tumatur da raken da ake nomawa a Ikara, Makarfi da Kudan suna dogara da wannan tsari. Lokacin hunturu, idan ruwa ya yi ƙaranci, kalsiyam na cikin abubuwan da ke sa ramukan numfashin ganye su rufe don rage asarar ruwa. A saiwar wake da waken suya kuwa, shi ne ke ba ƙwayoyin cuta masu amfani izinin shiga, su yi ƙulluman da ke samar wa shukar sinadarin naitirojin.

Kalsiyam abinci ne kuma ga shuka. Idan ban-ruwa bai daidaita ba, ba ya isa ga 'ya'yan tumatur yadda ya kamata, sai gindinsu ya yi baƙi ya ruɓe, manomi ya yi asara tun kafin ya kai kasuwa.