Aƙidar Mai Kamfani da Haƙƙin Ma'aikaci a Amurka

Kundin tsarin mulkin Amurka ya hana gwamnati katsalandan a harkar ibada, amma bai fayyace matsayin wanda doka ta ci karo da aƙidarsa ba. A 1990, a shari'ar Smith, Kotun Ƙoli ta ce dokar da ta hau kan kowa ba ta ɗaga wa mutum ƙafa saboda addininsa. Majalisa ba ta gamsu ba, sai ta kafa dokar RFRA a 1993, wadda ta hana gwamnati takura wa addinin mutum sai da ƙwaƙƙwaran dalili, kuma ta hanya mafi sauƙi.

Da wannan doka iyalan Green, Kiristoci masu kantunan Hobby Lobby, suka kafa hujja. Ƙa'idojin dokar inshorar lafiya ta 2010 sun wajabta wa manyan kamfanoni ɗaukar nauyin hanyoyin tsarin iyali guda 20 ga ma'aikatansu mata. Iyalan suka ƙi huɗu daga ciki, domin a ganinsu daidai suke da zubar da ciki. Ƙin bin dokar zai jawo tarar dala 100 kullum a kan kowane ma'aikaci. Ranar 30 ga Yuni 2014, alƙalai biyar suka ba su gaskiya, huɗu suka saɓa. Mai shari'a Alito ya ce kamfanin da ke hannun mutane ƙalilan yana shiga cikin ma'anar mutum a dokar RFRA.

Nan gizo ke saƙa. Ɗan kasuwa yana yi wa kamfani rajista ne domin ya raba dukiyarsa da ta kamfanin. In bashi ya taso, ba a taɓa gidansa. Da wuya a ce kamfani daban yake ranar biyan bashi, sannan ya koma mai shi ranar da ake maganar imani. Ga kuma ma'aikaciyar da ke tsaye bayan kanta, wadda albashi ya kawo ta, ba aƙidar maigida ba. Mai shari'a Ginsburg ta tambaya ko za a yi wa mai kamfanin da addininsa ya haramta ƙarin jini irin wannan rangwame.

Abin da ya ceci hukuncin shi ne gwamnati ta riga ta tanadar wa ƙungiyoyin addini tsarin da kamfanin inshora ke biyan kuɗin, don haka ana iya sauke wa iyalan nauyi ba tare da ma'aikata sun yi asara ba. Inda babu irin wannan mafita, kotun kanta ta ƙi sassautawa: a 1982 ta tilasta wa wani ɗan ɗariƙar Amish, mai gona da shagon kafinta, biyan harajin fansho na ma'aikatansa.