Gunduma, Lardi, Kantoma: Sunayen Mulkin Ƙasar Kura da Bunkure

A shekarar 1972 jihar Bavariya ta ƙasar Jamus ta rage gundumominta na karkara daga 143 zuwa 71. Da shekara ta zagayo, maƙwabciyarta Baden-Württemberg ta bi sahu, 63 suka koma 35. Aka haɗe ƙanana cikin manya, aka rufe ofisoshi, aka kwashe takardu zuwa sabuwar hedikwata. Wadda aka shafe ɗin ma sai da suka yi mata suna: Altkreis, wato tsohuwar gunduma.

Kalmarsu ta asali Landkreis ce. Land ƙasa ke nan, Kreis kuma da'ira, zagaye. Mai riƙe da ita Landrat. A idon Bajamushe, yankin mulki fili ne da aka zagaye da layi, gari guda a tsakiya, ƙauyuka kewaye da shi. Faransawa ma haka suka gani: yankin da suka ɗora wa kumandan a Nijar cercle suka kira shi, zagayen dai. A Aljeriya har yau da'ira ake ce wa yankin da ke ƙarƙashin wilaya. Harsuna uku, hoto ɗaya.

Bahaushe wuƙa ya gani. In mahauci ya gunduma maka nama, ya yanko maka babban yanki ne ba tare da ƙyashi ba, kuma daga wannan gidan gundumemen abu ya fito. Da Turawa suka fara tsaga ƙasar Kano, sai mutane suka ɗauko kalmar daga teburin fawa suka ɗora wa aikin. Ban ga sharhin siyasa da ya fi wannan gajarta ba.

Ga abin da aka yanka. Kafin Turawa su ci Kano a watan Fabrairun 1903, yawancin hakimai a birni suke zaune, kusa da fada. Garuruwan da kowanensu ke riƙe da su a warwatse suke, ɗaya gabas, ɗaya kudu, da na wani hakimin a tsakani. Mai zirga-zirga tsakanin hakimi da garuruwansa, mai kai umarni ya dawo da haraji, shi ne jakada. Turawa ba su iya zana wannan tsari a taswira ba, abin da ba ya zanuwa kuwa ba su yarda da shi. A zamanin Sarki Abbas, Razdan Cargill ya tattara garuruwan da ke maƙwabtaka ya mai da su dunƙule guda, aka tura hakimai su fita birni su tare a cikin ƙasarsu. Kanawa suka laƙaba masa Mai Gunduma. Kura ta zama mazaunin hakimi, Rano ma haka.

Jakada fa? An raba shi da aikinsa na ƙauye, kalmar kuma ta samu ɗaukakar da ba ta taɓa mafarki ba. Yau jakada shi ne wakilin Najeriya a Jamus ko Amurka. Aikin dai bai sauya ba, kai saƙo tsakanin manya biyu. Manyan ne suka ƙara girma.

Hakimi Balaraben suna ne, kuma danginsa na da yawa a Hausa: hukuma, hukunci, mahukunta, har da hikima, duk tushensu ɗaya. Lardi ma daga Larabci yake, al-ard, ƙasa. Wannan "l" ta farko ragowar "al" ce da ta manne, kamar yadda ta manne a labari da laifi da lahira da littafi. Ashe Lardin Kano da Land ɗin Jamusawa abu ɗaya suke faɗa, kowa da bakinsa. Jiha, wadda ta gaji lardi a Kano a 1967, a Larabci sashe ce ko fuskar da aka dosa. Wasu na rubuta jaha, wasu jiha, rigimar kuma ba ta ƙare ba.

Sai kalmomin da suka shigo ta kunne daga bakin Bature. Razdan ya ji jiki kaɗan a hanya, amma ana gane shi. Di'o da En'e kuwa haruffa ne zalla, biyu-biyu, D.O. da N.A., Bahaushe ya ji ana furta su ya mai da su kalmomi, har da ɗan En'e da asibitin En'e da gidan yarin En'e. Wadda ta fi burge ni ita ce kantoma. Asalinta alƙalin barikin Turawa ne, mai kula da unguwannin da ba sa ƙarƙashin sarki. Barikin ya tafi, alƙalin ya tafi, kalmar ta zauna tana jiran aiki. Yanzu duk wanda gwamna ya naɗa ya riƙe ƙaramar hukuma ba tare da zaɓe ba, kantoma ne. Ciyaman ƙuri'a ce ta kawo shi, kantoma takarda. Harshe ya raba su tsaf, ko da kujerar ɗaya ce.

Ƙaramar hukuma ta zo da gyaran 1976, kusan lokaci guda da gyaran Jamusawa, sai dai kowa ya nufi tasa alƙiblar. Su suna haɗewa, mu muna ƙara gundumawa. Najeriya ta fara da 301, yau tana da 774, Kano ita kaɗai 44. Daga jikin Kura aka fitar da Madobi da Garun Malam, daga jikin Rano aka fitar da Bunkure da Kibiya. A nan mai rubutu ya kula: Garun Malam ne, daga garu, katangar da ta kewaye gari, ba Garin Malam ba. Kura kuma ba ta da ƙugiya. Wanda ya rubuta Ƙura ya bulbule mutane da ƙura, alhali garin da 'yan Kura suka fito ke nan, turkuɗin nan mai sheƙi da Buzaye ke naɗawa har cikin Sahara.

Tsohuwar gunduma ba ta ɓacewa gaba ɗaya. A Jamus, tun daga 2012 aka yarda mutane su dawo da haruffan tsofaffin gundumominsu a lambar mota, kuma da yawa sun dawo da su. Mu namu sawun a takardar zaɓe yake. Kujerar majalisar wakilai ɗaya ce ta Kura da Madobi da Garun Malam, ɗaya kuma ta Rano da Bunkure da Kibiya. Duk wanda ya karanta waɗannan sunaye a jere, tsohuwar taswira yake karantawa ko bai sani ba.

Sarauta ta sake nata yankan. Dokar 2019 ta kai Kura da Bunkure masarautar Rano, ta kai Madobi da Garun Malam masarautar Ƙaraye. A 2024 aka soke dokar, Kura ta koma ƙarƙashin Kano, Bunkure ta zauna da Rano. Manomin Kura da bai ɗaga ƙafa daga gonarsa ba ya ga an sauya fadar da hakiminsa ke kai gaisuwa sau biyu cikin shekara biyar. A zaɓen sanata kuma Kura tana Kano ta Tsakiya, Bunkure tana Kano ta Kudu.

Akwai wata taswirar da ba ruwanta da duk wannan, ita ce ta ruwa. Tun da aka kammala madatsar Tiga a 1974, zamanin Gwamna Audu Baƙo, ruwa ke gangarowa ta babban kanal ya bazu cikin gonakin Bunkure da Garun Malam da Kura. Hukumar Kogunan Haɗeja da Jama'are, wadda ta tarayya ce, ta raba filin zuwa sassan da takardunta ke kira sekta, kuma gangaren ƙasa ne ya zana iyakokinsu. Manomin shinkafa ko tumatir a Kadawa, cikin wannan fili, yana da mai unguwa da dagaci da hakimi a gefe guda, kansila da ciyaman a gefe guda, ga kuma wanda ke buɗe ƙofar ruwa. Da rani, na ƙarshen nan ne aka fi neman sanin inda ya kwana. Madatsa kalma ce ta gida, daga datse. Dam da kanal baƙi ne da suka zo tare da injiniyoyi, kuma a bakin gona su aka fi ji.

Abin da ke damuna shi ne halin da gunduma ta shiga yanzu. A kafafen labarai za ka ji an kira ƙasar hakimi gunduma, an kira mazaɓar kansila gunduma, wani lokacin har yankin sanata gunduma. Jihar Kano na da mazaɓun kansila 484. In kowace gunduma ce, to ƙasar hakimin Kura mene ne sunanta? Mai sauraro ya ji "gundumar Kura" bai san ko hakimi ake nufi ba ko ciyaman ko kansila, kuma a ƙasar da rigimar gona ke iya tashi a kan wa ke da hurumin sa hannu, wannan ba ƙaramin ruɗani ba ne.

Muna da kalmomin da suka isa. Ina roƙon masu fassara labarai a gidajen rediyon Kano da malaman makarantunmu su bar wa hakimi gunduma, su bar wa kansila mazaɓa, ƙaramar hukuma kuma a kira ta da sunanta.